Luba, Ki Waiwaya Kafin Ki Kulle Mota

Bukkuyum.

Zuwa ga ɗiyata Lubabatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Kabiru, da takwarana Sanda mai ƙwace mani hula. Allah Ya tsare gabanku da bayanku, Ya sa ku shiga Kaduna da ƙafar dama, Ya haɗa ku da maƙwabta na kirki.

Luba, har yau ban sauko daga murna ba! Tun ranar da kika shigo garin nan da mota, ke da kanki a kan sitiyari, ban zauna da mutum ba sai na sako zancen. Ina alwala na ji hon a ƙofar gida, na fito da buta a hannu ina faɗa, ina cewa wane direba ne wannan marar ta ido. Sai gilashi ya sauka, sai ga fuskarki kina dariya. Wallahi ban san inda na yar da butar ba. Matan maƙwabta suka rangaɗa guɗa, Innarki ta shige ɗaki wai ita kunya, amma na gan ta tana leƙe ta gefen labule. Ɗiyar malamin dabbobi, wadda na sha goyawa a bayan babur zuwa firamare, yau ita ce za ta haɗa magani a babban asibiti, kuma ita za ta tuƙa kanta zuwa wurin aikin! A masallaci ma sai da liman ya ce mani, "Likita, to mun ji, a bari mu yi salla." Alhamdu lillahi. Abin da ban taɓa roƙa ba ma Allah Ya ba ni.

To amma akwai maganar da ta tsaya mani a wuya tun ranar, kuma gara ki tafi da ita a rubuce.

Kin tuna bayan la'asar muna zaune a gindin darbejiya, kika fito da takardun da kika bugo a shagon intanet na Gusau. Kika ce a wani zauren intanet ne da 'yan boko na gida da na ƙasashen waje ke tattaunawa, an kawo labarin wani yaro ɗan tatata a wata ƙasa, wanda ubansa ya tafi da shi zai ajiye shi gidan raino, ya wuce ofis ya manta da shi a mota cikin zafi, kafin a ankara rai ya yi halinsa. Kika yi ta karanta mana abin da mutane suka rubuta. Wani ya ce a rataye uban. Wani ya ce ai mutanen can ba su san darajar 'ya'ya ba, aiki suka sa a gaba, a ƙasar Hausa hakan ba za ta taɓa faruwa ba. Wata ta ce a yi masa uzuri, sai suka taru a kanta kamar ta yi saɓo. Daga nan kika karanta naki, kina murmushi, cewa ke uwa ce, kuma uwa ko uban da ke son ɗansa ko a mafarki ba zai manta da shi ba.

Kin ga na tashi na ce zan duba awaki. Ba awakin da na duba. Innarki ma kin ga ta sunkuyar da kai tana ta tsince shinkafar da ta riga ta tsince.

Ban ga laifinki ba, ɗiyata, domin maganar da kika rubuta na riga ki faɗinta, kuma ni ba a takarda na faɗa ba.

Kina ƙarama lokacin. Akwai wani manomi a Zugu, Malam Ɗahiru, da nake yi wa shanun huɗarsa allura. Mutum ne mai sanyin hali, ba ka jin muryarsa. Wata rana da rani ya tafi lambu da ɗiyarsa wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ya zaunar da ita a inuwa ya ba ta tumatir tana wasa, ya juya yana ban ruwa. Da ya waiwayo babu ita. A rijiyar lambun aka same ta. Na je gaisuwa, na yi addu'a kamar kowa, na fito. Ina sa takalmi a bakin zaure na ce wa wanda muka je tare, "A daina laƙa wa ƙaddara komai. Wannan sakaci ne. Mai son ɗansa ba ya kau da ido." Ina ɗagowa na ga Malam Ɗahiru tsaye a bayan zana da buta, ya fito alwala. Ya ji.  Na hau babur na tafi, har ina gaya wa kaina ai gaskiya na faɗa.

Ki kiyayi irin wannan gaskiyar, Luba. Mutumin da ɗansa ya mutu a hannunsa ba ya buƙatar ki gaya masa laifinsa, ya fi ki sani, da shi yake kwana da shi yake tashi. Ni da na yi tawa, aƙalla na ga idon mutumin, kuma idon ya bi ni. Ku a zauren naku ba ku ganin idon kowa, shi ya sa harshe ke yin tsawo. Ba ki san wa ke karantawa ba. Wataƙila a cikin masu yin shiru akwai wadda ta binne nata. Kafin ki aika magana, ki ɗauka mai abin yana tsaye a bayan zana.

Yanzu bari in zo kan ranar Gummi. Kin san labarin, amma yadda na maishe shi kika sani, wato abin dariya, ranar da Baba ya bar Nasiru a mota Bafillata ta fasa masa gilashi. Kina makarantar kwana lokacin, da kika dawo hutu haka na ba ki shi ina ƙyaƙyatawa. Yau zan ba ki shi yadda ya faru.

Ba a daɗe da ba mu jiharmu ba na sayi Fijo ɗin nan fara, ta hannu, mota ta farko a zuriyarmu. Yadda kike ji da taki yau, haka nake ji da ita, har na fi ki. Da kaina nake wanke ta, ƙuda ya sauka a kanta sai na kore shi. Ƙanenki Nasiru bai cika shekara biyu ba, an yaye shi ke nan. Bazara ta kai bazara, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Innarki ta kwana da zazzaɓi, ga shi ranar kasuwar Gummi ce, dole in je kara in duba shanun da za a loda. Sai ta ce, "Malam, ka tahi da yaron ga ka aje shi wurin Hassi, in samu in runtsa. Ka aje shi kahin ka wuce kara, ka ji ko?" Na ce na ji. Gidan gwaggonki Hassi kuwa kin san shi, yana nan kafin a shiga kasuwa, kwanar hanya ɗaya ce kawai zan sha zuwa hagu.

Muka kama hanya yana ta surutunsa a kujerar baya, yana nuna mani jakuna da raƙuma. Can ya yi shiru. Barci ya ɗauke shi, ya zame ya kwanta, da mayafin Innarki da ta lulluɓa masa saboda ƙura. Ni kuma kaina ya tafi wani wuri. An ce ciwon huhu ya ɓulla a wani garke wajen Nasarawa Burkullu, ina ta lissafin yadda zan hana a haɗa shanun da na kasuwa, da abin da zan ce wa sarkin kara in ya ƙi. Hannuna ya bi hanyar da ya saba bi kowane mako. Na wuce kwanar gidan Hassi ban ko gan ta ba. Na tsaya inda na saba tsayawa, a fili, ba inuwa. Na ɗaga gilasai duka har sama saboda akwatin magani. Na kulle. Har na zagaya na jijjiga ƙofofin in tabbatar sun kullu, Luba. Na jijjiga ƙofar da ɗana ke kwance a bayanta, idona yana kan kara.

Abin da nake so ki gane, ban ji na manta da komai ba. A cikin kaina yaron yana gidan Hassi, har ina ganinsa zaune a tabarma tana ba shi fura. Hassi ba ta san zai zo ba balle ta neme shi. Innarki tana gida tana barci da kwanciyar hankali. Mu uku, kowa ya ɗauka yana wurin wani.

Na shiga cikin shanu, ina buɗe baki ina duba kofato, rana tana hawa. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba, kuma ban taɓa son in lissafa ba. Sai wani dillali, Mamman, ya dafa ni ya ce, "Likita, an ce uwargida ba ta jin daɗi. To wa ka kula da yaro?"

Na buɗe baki zan ce yana wurin Hassi. Sai na nemi fuskar Hassi ta safiyar nan a cikin kaina, na rasa. Ban gaishe ta ba. Ban shiga zaurenta ba.

An ce na ture wani bijimi da kafaɗa, ni ban sani ba. Na san dai na yi gudu ba takalmi ɗaya, ina salati da ƙarfi, mutane na darewa. Daga nesa na hango taro a jikin motar, sauran tafiyar ban san yadda na yi ta ba.

Gilashin baya a farfashe. A ƙarƙashin rumfar wani mai gyaran keke wata Bafillata mai tallan nono ta shimfiɗe shi a cinyarta, ta tuɓe masa riga, tana kwarara masa ruwa daga garwar mai ga-ruwa, wata tana yi masa fifita da faifai. Daso sunanta, daga baya na sani. Wucewa take da ƙwarya a ka ta ji kamar ana ƙwanƙwasa abu a hankali, ta leƙa ta ga ɗan hannu yana zamewa a jikin gilashi. Maza suka tsaya ana cewa a nemo mai motar, motar ma'aikaci ce kada a jawo magana. Ita kuwa ta sauke ƙwaryarta, ta ɗauki dutsen da aka tokare tayar wata akori-kura da shi.

Nasiru ya yi jawur, jikinsa kamar garwashi, ba ya kuka, ba ya ko zufa, idanunsa sun juye. Na durƙusa ina kiran sunansa. Matar ta ɗago ta dube ni ta ce, "Kai ad da ɗan ga?" Na ce ni ne. Na jira zagi, wallahi da ta mare ni da na ji sanyi. Sai ta ce, "To ɗauki mu tahi asibiti, yana numfashi. Gilashi ni na hwasa, in kana da magana sai mun dawo."

Ban iya tuƙi ba, Mamman dillali ne ya ja motar. A hanya yaron ya fara jijjiga a hannuna, Daso tana ta jiƙa mayafin tana shafa masa. A asibiti aka sa masa ƙarin ruwa, aka ce mu jira. Na tsaya a baranda na yi wa Allah alkawuran da ban san adadinsu ba. Wajen la'asar sakaliya ya buɗe ido, ya dube ni, ya ce, "Uwa." Ruwa yake so. Na fita da gudu ina ihu a cikin asibitin mutane, ina cewa ya yi magana, ya yi magana! Na rungume maigadi, na rungume Mamman, na rasa inda zan sa kaina. Daso tana zaune a bakin ƙofa, nononta yana can kasuwa ya tsinke a rana. Ta miƙe ta gyara zane ta ce, "Allah Ya ba ka shi sau biyu. Na ukku ba a sani ba." Ta tafi.

Saboda haka ki saurare ni, direba sabuwa. Kada ki dogara da son da kike yi wa Sanda. Ni ma ina son Nasiru a ranar kamar yadda nake sonsa yau, son bai tuna mani ba. Kan mutum ne ke tafiya, musamman ranar da aka canza maki abin da kika saba. Ranar da Kabiru ne ya saba kai shi wurin mai raino sai ya ce yau ke ki kai, ranar da kika kwana aiki, ranar da kika fito kina tunanin wani majinyaci, to ranar ce ta Gummi. Ki riƙa ajiye jakarki da wayarki a baya kusa da ƙafarsa, yadda ba za ki shiga ofis ba sai kin buɗe ƙofar baya. Ko yana ciki ko ba ya ciki, ki buɗe, ki duba, ki taɓa kujerar da hannunki, har ya zame maki kamar bisimilla kafin cin abinci. Ki yi magana da mai rainon tun ranar farko, in lokacin zuwansa ya wuce ba ta gan shi ba ta kira ki, in ba ta same ki ba ta kira Kabiru, kada ta ce wataƙila yau yana gida. Ku da kuke da waya a hannu, me zai hana? Da Hassi na da ita a lokacin, kuma da Innarki ta kira ta ce ga su nan tafe, da ban rubuta wannan takarda ba.

Kuma kada ki bar shi a ciki da saninki, wai bari in shiga kanti in fito, ai barci yake kada in tashe shi. Tashe shi. Ya yi kukansa a kafaɗarki. Kanti akwai layi, akwai tsohuwar ƙawa da za ta riƙe ki da gaisuwa, mota kuwa a rana tanda ce, ɗan sassauta gilashi ba ya hana komai. In kin dawo gida ki kulle ta, ki rataye makulli inda hannunsa ba ya kaiwa, domin yaro yana iya shiga wasan ɓuya ya ja ƙofa ya kasa buɗewa. In kuma wata rana kin ga ɗan wani a kulle yana galabaita, kada ki tsaya neman mai mota. Nemi dutse.

Kuskurena na gaba ya fi ba ni kunya, domin shi da hankalina na yi shi. Da aka kawo Innarki asibiti, jikinta na rawa da zazzaɓi, ta faɗa kan yaron tana kuka, ko kallon banza ba ta yi mani ba. Ni kuwa da muka koma gida, tsoro ya sake ni, sai girman kai ya kama ni. Na ce mata ai da ba ta lulluɓe shi da mayafi ba da na gan shi. Ta dube ni ta ce, "Haka ne, Malam."  Ta ɗauki maganar ta riƙe, har ta daina yarda da kanta, yaro ya yi tari sai ta ce ita ta jawo. Na ga tana ramewa na yi kamar ban san dalili ba. A waje kuma na maishe da abin wasa, in an tambaya sai in ce ai Bafillata ce ta ga gilashina ya yi mata kyau. Sai da aka yi girbi na iya zama a gabanta na ce mayafi ba shi da laifi, ni ne ban waiwaya ba, ta yafe mani. Ta ce, "Na yahe tun ranar. Jira nike ka hwaɗa, don kai ma ka huta."

In wani abu ya sami Sanda a hannun Kabiru, ko ƙuna ko faɗuwa, Allah Ya kiyaye, kada kalmar farko da za ta fito bakinki ta zama "ai kai ne". In kuma a hannunki ne, ki ce ni ce, tun a ranar. Kada ki nemi mayafin da za ki rataya wa laifi. Gida yana iya ɗaukar hatsari, amma jifan juna da shi yana cinye gida a hankali.

Ba a yi mako da dawowarmu ba aka yi sallama da ni da hantsi. Na fito na ga Malam Ɗahiru na Zugu, ya jingine kekensa, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Tun ranar gaisuwar nan nake aika wani ya yi wa shanunsa allura don kada mu haɗu. Na ce a raina yau ranar biyan magana ce, kuma na cancanta. Muka gaisa. Ya ce, "Likita, na ji abin da ya hwaru. Ina yaron?" Aka kawo Nasiru. Ya ɗora shi a cinya, ya tofa masa addu'a, ya daɗe yana shafa kansa. Na fara cewa, "Malam, maganar da na yi a ƙofar gidanka," sai ya ɗaga hannu. Ya ce, "Bari. Ba ita ta kawo ni ba. Na san ba ka barci, shi ya sa na zo. Mutane za su ce maka ka gode Allah ka manta. Godiya ka yi, amma mantuwa ba ta zuwa, kada ka wahal da kanka nemanta. Ni dai na so in ga wanda aka tarar da rai."

Ya ciro ɗan ƙunshin tumatir da albasa na lambunsa ya ajiye, ya hau kekensa. Ranar na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Har ya rasu ni nake zuwa Zugu da kaina, kuma ban taɓa fita gidansa ban ci abinci ba.

In kin samu zama a Kaduna, ki koma zauren naku ki rubuta masu cewa abin yana faruwa a ƙasar Hausa, ya faru a kasuwar Gummi, ga mutumin da ke salla biyar kuma yake son 'ya'yansa. Ba sai kin sa suna ba, amma in sun ce ƙarya ne ki ce babanki ne, na yarda. In mutum ɗaya ya karanta ya waiwaya, ya ishe ni.

Kada takardar nan ta rage maki murna, don ni ba ta rage mani ba. Ki tuƙa motarki, ɗiyata, ki riƙe aikinki da amana, ki bar manyan motoci su wuce, ba tsere kike da kowa ba. Ki yi addu'ar hawa kafin ki tayar. Allah Ya raba ku da mugun ji da mugun gani, Ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da na mantuwa, Ya raya Sanda Ya sa ya yi maku abin da kika yi mana. Nasiru yana gaishe ki, ga shi can ya dawo daga ƙwallo yana neman abinci kamar wanda aka yi wa horon yunwa.

Innarki ta ce in gaya maki, ranar tafiyar za mu je mu tsaya a bakin tankin ruwa tun la'asar, wurin da waya ke kamawa. In kun sauka kada ki ce mana Sanda yana lafiya. Ki kara masa wayar a baki, ko kuka ne ya yi, mu ji da kunnenmu.

Na bar ku a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Mahaifinki,
Umaru.